Ba kowane tari ba ne tarin fuka

A hunturun da ya gabata na kai ziyara gida, na kwana uku a ƙauyenmu da ke tsakanin Jega da Maiyama. Ɗakin da aka sauke ni yana jikin na wani kawuna, manomin albasa ne da ya shafe rayuwarsa tsakanin fadama da kasuwar Aliero. A duk kwanakin nan ban buƙaci ladan ya tashe ni ba, domin tun kafin kiran assalatu tarinsa yake farawa, tari mai nauyi daga can ƙasan ƙirji, kuma ba ya lafawa sai ya kusa cika wani ɗan gwangwani da kaki mai kauri, wani lokaci ruwan ɗorawa, wani lokaci kore. Shekarun baya an same shi da tarin fuka, ya sha magani na wata 6 bai tsallake ko rana ɗaya ba, aka gwada kakinsa aka ce ya warke. Tarin bai tafi ba. Bayan shekara biyu, a wani asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ga tabo, aka sake ɗora shi a kan maganin tibi duk da cewa gwajin kaki bai nuna ƙwayar cutar ba. Daga baya aka sake yin haka a karo na uku. A tsawon wannan lokaci an ware masa kwanon cin abinci da moɗar shan ruwa, an hana jikokinsa hawa cinyarsa, shi kuma da kansa ya bar sahun gaba a masallaci ya koma can baya kusa da ƙofa. Da na zauna gaishe shi da hantsi, ya dube ni ya ce: “Ɗana, kai da ka yi boko, sun ce na warke, to wanga tari na wa na?”

Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami a yau, domin na tabbata ba kawuna kaɗai ke da ita ba. Amsarta ta samu ne bayan da muka haɗa kuɗi muka kai shi babban asibiti a birni, aka yi masa hoton nan na na'ura mai yanka hoton ƙirji falle-falle, wanda ake kira siti-sikan. Likita ya ce babu tibi a jikinsa. Abin da ke damunsa shi ne ɓarnar da tibin farko ya bari, wato faɗaɗar hanyoyin iska na huhu, ciwon da likitoci ke kira buronkiyektasis. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kare shi a wannan shafi, shi ne cewa wannan ciwo yana nan a tsakaninmu a Jega da Aliero da Maiyama da sauran ƙasar Kabi, muna kiransa da sunan wani ciwo daban, muna ba shi maganin da ba nasa ba, alhali kuwa mafi yawan abin da masu shi ke buƙata bai fi ƙarfin aljihun jiharmu ba.

Bari mu fara da sanin ciwon kansa. Iskar da muke shaƙa tana bin maƙogwaro ta shiga wasu bututu da suke rarrabuwa kamar rassan bishiya, suna ƙara siranta har su kai ƙarshen huhu. Cikin waɗannan bututu akwai majina 'yar kaɗan da ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta, akwai kuma wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, waɗanda aikinsu dare da rana shi ne share wannan majina zuwa sama. Idan wani ciwo mai tsanani ya ci bangon bututun, sai ya saki, ya buɗe fiye da kima, gasun nan su lalace. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a fadama ya san abin da ke faruwa idan gefen magudana ya zaizaye ta yi faɗi: ruwa ya daina gudu, ya kwanta, ya yi gansakuka, ya fara wari. Haka majina take kwanciya a cikin bututun da ya buɗe, ƙwayoyin cuta su yi gida a cikinta. Jiki sai ya turo fararen ƙwayoyin jini domin su yaƙe su, amma sinadaran da suke fesawa a wurin yaƙin su ma suna ƙara cin bangon bututun, ya ƙara buɗewa, majina ta ƙara taruwa. Wani likita a Landan, Peter Cole, shi ya bayyana wannan mugun zagaye a 1986, kuma a kan fahimtarsa aka gina mafi yawan hanyoyin magani na yau. Ciwon ba sabo ba ne. René Laennec, likitan Faransa da ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirjin nan da likitoci ke rataye wa a wuya, ya siffanta shi tun a 1819.

Alamominsa a fili suke ga mai lura. Tari ne mai kaki kusan kullum, na watanni ko shekaru, ya fi tsanani da safe ko idan mutum ya juya a kwance. Lokaci-lokaci yakan tashi, kakin ya ƙaru, launinsa ya sauya, zazzaɓi da kasala su zo, numfashi ya yi wuya. Wasu sukan ga jini a kaki, wasu bakinsu ya riƙa wari, wasu kuma kan yatsunsu ya kumbura ya yi kama da kan makaɗin ganga. Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, a jikin babba bututun da ya riga ya buɗe ba ya komawa yadda yake, amma ana iya tsayar da ɓarnar, mutum ya rayu shekaru masu yawa yana aikinsa. Na biyu, ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Kwanon da aka ware wa kawuna da jikokin da aka raba shi da su, duk hukunci ne a kan laifin da bai aikata ba.

Me ya sa nake cewa ciwon namu ne? Saboda abubuwan da ke haifar da shi su ne abubuwan da muka fi kowa fama da su. A ƙasashen Turai sau da yawa akan danganta shi da cututtukan gado, ko raunin garkuwar jiki, ko kuma a rasa dalili. A ƙasashe irin namu kuwa, babbar ƙofarsa ita ce ciwon ƙirji mai tsanani da aka taɓa yi a baya: tarin fuka, da ƙyanda, da tarin shiƙa, da namoniyar da ba a yi wa magani da wuri ba. A 2019 likitocin Indiya suka wallafa sakamakon rajistar masu wannan ciwo su 2,195 daga sassan ƙasarsu, aka samu cewa tarin fuka ne sanadin da ya fi kowane yawa, fiye da kashi 35 cikin 100. Indiya ta fi kama da mu a wannan fage fiye da Ingila. Hukumar Lafiya ta Duniya tana sanya Nijeriya a matsayin ƙasar da ta fi kowace yawan masu tarin fuka a Afirka, inda take ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan suna kamuwa a shekara. A 2023 kaɗai, shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa ya gano fiye da mutum dubu 350. Wannan nasara ce da ta cancanci yabo, sai dai kowace nasara irin wannan tana ƙara yawan waɗanda suka tsira da rai amma da tabo a huhu. Wani ƙiyasi da masana suka wallafa a 2021 ya nuna cewa a shekarar 2020 akwai kimanin mutum miliyan 155 a duniya da suka taɓa yin tarin fuka kuma suna raye. Ba dukansu ne ke da faɗaɗar hanyoyin iska ba, amma babban kaso na fama da wata nakasa ta numfashi. Wannan ne ya sa masana suka yi taron farko na duniya a kan rayuwa bayan tarin fuka a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu a 2019.

Akwai kuma ƙofofin da suka shafi yara. Ƙyanda da tarin shiƙa duk suna da allurar rigakafi kyauta. Nijeriya ta shigo da allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar, ciki har da tarin shiƙa, a 2012, ta fara ba da ta namoniya daga 2014, ta ƙyanda kuwa ana yin ta a wata 9 a kuma maimaita a wata 15. Duk da haka, a 2023 ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna yara fiye da miliyan 2 a ƙasar nan ba su sami ko allurar farko ta jerin rigakafin ba, kuma kowa ya san yankinmu na Arewa maso Yamma ne ke ɗauke da kaso mai nauyi. Yaron da ƙyanda ta kwantar, ta sauka masa a ƙirji, ya tashi da ƙyar, iyaye suka yi hamdala, yana iya kasancewa shi ne saurayin da za a gani bayan shekara 15 yana tari da kaki. Haka nan yaron da ya shaƙe da ƙwayar gyaɗa ko wake, ta wuce ta maƙale a wani bututu na huhu, aka ga tarin ya lafa aka manta. Bayan watanni ɓangaren da ta toshe zai ruɓe ya buɗe. A kan waɗannan raunuka sai a ɗora hayaƙin itace a madafa, da na turara shinkafa, da ƙurar sussuka da ta injin casa, da hazon hunturu. Waɗannan ba lallai su ne mafarin ciwon ba, amma suna hura wutarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin ganewa. An horar da ma'aikatan lafiyarmu, kuma daidai ne, cewa duk tarin da ya kai mako 2 a zargi tibi. Matsalar tana farawa ne idan gwaji ya ce babu. Hoton ƙirji na yau da kullum yana nuna tabo, amma sau da yawa ba ya iya bambance tsohon tabo da ciwo mai rai, kuma yakan kasa nuna bututun da suka buɗe. Ma'aikacin da ke gaban majinyaci mai tari da jini, ba shi da wata na'ura, ga kuma maganin tibi kyauta a cikin kabad, sai ya ga abin da ya fi sauƙi shi ne ya sake ɗora shi a kai. Ban ɗora masa laifin mugunta ba, abin da tsari ya ba shi ke nan. Wani abin lura kuma shi ne, na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010 kuma Nijeriya ta mayar da ita gwajin farko a 2016, tana gano sinadarin gadon ƙwayar tibi ne, mai rai ko matacce. Saboda haka mutumin da ya warke yana iya ci gaba da nuna alamar cutar a wannan gwaji na wani lokaci, kuma a irin wannan hali ana buƙatar likita ya auna sakamakon da yanayin majinyaci, ko a shuka kakin a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro.

Kada a ɗauka maimaita maganin tibi ba shi da illa. Uku daga cikin magunguna huɗun da ake haɗawa suna iya taɓa hanta, na huɗun kuma yana iya taɓa gani. Tsohon tsarin sake magani da ake haɗawa da allurar sitireftomaisin, wadda ke iya kurmantar da mutum, tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina shi. Ga kuma asarar wata 6 ana jeka-ka-dawo, ga tsangwama, ga auren da kan mutu ko a fasa ɗaurawa saboda an ce gidan masu tarin fuka ne. Mafi muni, duk tsawon wannan lokaci ainihin ciwon yana ci gaba da cin huhu. Wanda ya gaji da asibiti sai ya koma kemis, a haɗa masa ƙwayoyi na kwana uku, ya ji sauƙi, ya daina, bayan wata guda ya dawo. Da haka ƙwayoyin cutar ke koyon bijire wa magani. Wani kuma a ba shi maganin kwantar da tari, alhali tarin shi ne kaɗai tsintsiyar da ta rage masa. Idan aka danne shi, kakin ya zauna a ciki. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda shaye-shaye, amma al'adar neman abin da zai kashe tari ko ta halin ƙaƙa tana nan daram.

To, yaya ya kamata a yi? Matakin farko ba ya cin ko kwabo: a tambayi majinyaci tarihinsa. Tun yaushe yake tari? Kullum yake fitar da kaki? Ya taɓa shan maganin tibi ya gama? Ya yi ƙyanda mai tsanani yana yaro? Mataki na biyu, a tabbatar babu tibi mai rai, a kuma yi gwajin ƙanjamau, domin raunin garkuwar jiki na daga cikin sanadai. Mataki na uku shi ne siti-sikan na ƙirji, wanda shi ne ke yanke hukunci: a cikinsa likita zai ga bututun iska ya fi jijiyar jinin da ke gefensa faɗi, ko ya ƙi siranta yayin da yake nufar gefen huhu. Galibi sau ɗaya ake buƙatar wannan hoto domin a tabbatar da ciwon. Mataki na huɗu, a shuka kaki domin a san irin ƙwayar cutar da ta zauna a ciki, musamman wata mai taurin kai da ake kira sudomonas, wadda ke buƙatar magani na daban. Sai gwajin hura iska da ke auna ƙarfin huhu, da gwajin jini na neman sanadi, har da na wata fumfuna mai suna asfajilus da kan yi sheƙa a kogon da tibi ya bari, ta riƙa jawo tari da jini.

Magani kuwa, ginshiƙinsa ba ƙwaya ba ce. Ginshiƙinsa shi ne fitar da kaki a kowace rana, safe da yamma, kamar yadda ake share tsakar gida. Akwai dabarun numfashi da masu gashin ƙashi da motsa jiki na asibiti ke koyarwa: a ja numfashi a hankali, a cika ƙirji, a riƙe na ɗan lokaci, sannan a huro shi da ƙarfi da baki buɗe kamar mai son ya sa madubi ya yi raɓa, a maimaita har kakin ya taso. Akwai kwanciya ta ɓangaren da zai sa kakin ya gangaro, akwai bubbuga baya da tafin hannu a lanƙwashe kamar ƙoƙo, akwai ma hura iska ta siririn tiyo a cikin gorar ruwa, wanda ke taimaka wa bututun su kasance a buɗe. Dole ne wanda ya sani ya koya wa majinyaci, domin wasu hanyoyin ba su dace da mai tarin jini ko mai ƙwannafi ba, amma da zarar ya iya, ya iya ke nan, ba ya sake biyan kowa. A haɗa da shan ruwa isasshe, da tafiya a ƙasa gwargwadon ƙarfi, da abinci mai gina jiki, da barin taba, da nisantar hayaƙi, da allurar rigakafin namoniya da ta mura ga wanda ya samu.

Idan ciwon ya tashi, ƙa'idar da ƙungiyar likitocin numfashi ta Turai ta fitar a 2017 ita ce a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 14, wanda aka zaɓa bisa sakamakon shuka kaki, a kuma shanye shi duka. Wanda ciwon ke tasar masa sau da yawa a shekara, gwaje-gwajen da aka wallafa a 2012 da 2013 sun nuna cewa shan ƙaramin adadi na maganin azitiromaisin ko ɗan'uwansa na tsawon watanni yana rage yawan tashin. Sai dai ina gargaɗi da babbar murya, wannan ba abin da mutum zai saya wa kansa a kemis ba ne, domin yana iya taɓa ji da bugun zuciya, kuma sai an tabbatar babu wasu ƙwayoyi 'yan'uwan tibi a huhu kafin a fara shi. Idan ɓarnar ta tsaya a yanki ɗaya, akan yi tiyata a cire shi. Idan jini ya ɓalle da yawa, lamari ne na gaggawa, a nufi babban asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba. Ga yara akwai albishir: idan aka gano ciwon da wuri aka yi magani sosai, bututun na iya komawa daidai. Shi ya sa duk yaron da ya yi tari mai kaki fiye da mako 4 bai kamata a bar shi a kan zuma da citta kaɗai ba.

A watan Agusta na 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da magani na farko da aka ƙera musamman domin wannan ciwo, mai suna Brinsupri, wanda ke rage kaifin sinadaran nan na fararen ƙwayoyin jini. A gwajin da aka yi da mutum kusan 1,700 ya rage yawan tashin ciwon da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. A 2025 farashinsa a can Dala dubu 88 ne a shekara, wato fiye da Naira miliyan 100 a canjin wancan lokaci. Ko manomi ya sayar da albasar Aliero ta gonarsa ta shekara goma ba zai sayi na shekara ɗaya ba. Na kawo wannan ne domin mu san inda duniya ta kai, mu kuma gane cewa rabonmu a yanzu yana cikin abubuwa masu araha da muka yi sakaci da su.

Na san abin da wani jami'i zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce kuɗi kaɗan ne, ga zazzaɓin cizon sauro, ga mata masu mutuwa wurin haihuwa, ga tamowa, ga sanƙarau da ya auka wa Gwandu da Aliero da Jega a watan Maris na 2025, inda gwamnatin jiha ta tabbatar da rasuwar mutum 26 a farkon ɓullarsa. Wa zai bar gobara ya tsaya gyaran katanga? Amsata ita ce, ban nemi a ɗauke ko sisi daga yaƙi da sanƙarau ba. Kuɗin da nake magana a kai ana riga ana kashe su, a hanyar da ba ta dace ba. Kowane zagaye na maganin tibi da aka bai wa wanda ba shi da tibi, magani ne da aka saya da kuɗi, da lokacin ma'aikaci, da gurbin wani mai buƙata. Kowace kwanciya a gadon asibiti da za a iya kauce mata da koyar da fitar da kaki, asara ce ga gwamnati da iyali. Annoba tana kisa a bainar jama'a, shi ya sa ake rugawa da motoci da 'yan jarida. Wannan ciwo kuwa yana cin magidanci a hankali cikin ɗakinsa, ya rage masa kadada a gona shekara bayan shekara, har ya koma mai jiran abin da 'ya'ya za su aiko.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi da shirin yaƙi da tarin fuka da su fara da littafin rajista. A yanzu littafin yana rufe shafin majinyaci da ɗaya daga cikin 'yan kalmomi: ya warke, ya kammala, ya rasu, magani ya gaza, ko ya ɓace. A ƙara tambaya a ranar sallama: har yanzu kana tari da kaki? Numfashinka yana yankewa idan ka yi tafiya? Duk wanda ya amsa da e, a ba shi ranar dawowa bayan wata 3 ko 6. Na biyu, a kafa doka a asibitocin gwamnati na Jega da Aliero da Maiyama cewa ba za a sake ɗora wanda ya taɓa gama maganin tibi a kan wani zagaye ba sai likita ya duba shi ya sa hannu. Na uku, a shimfiɗa hanya bayyananniya ta tura irin waɗannan majinyata zuwa manyan asibitocin Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wato KECHEMA, ta duba yadda za ta ɗauke wa talaka nauyin wannan hoto guda ɗaya da ke raba gardama.

Na huɗu, muna da abin da wasu yankuna ba su da shi. A Jega akwai kwalejin kimiyya da fasahar lafiya ta jiha, inda ake yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙauyukanmu. Idan aka koya wa kowane ɗalibi alamomin wannan ciwo da dabarun fitar da kaki kafin ya fita, cikin 'yan shekaru ilmin zai kai kowace gunduma. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006. Babu binciken da ya fi dacewa da malamanta da ɗalibanta kamar su bi sawun waɗanda suka gama maganin tibi a waɗannan ƙananan hukumomi uku, su auna numfashinsu, su ba gwamnati alƙaluman da za ta yi aiki da su. Aliero ta yi suna a faɗin ƙasar nan da maƙwabta wajen ɗorin karaya; mutanenta sun san cewa bayan ƙashi ya haɗe akwai sauran aiki kafin mutum ya taka. Huhu ma haka yake. Na biyar, hakimai da dagatai da limaman masarautar Gwandu, waɗanda suka taka rawa wajen karɓar rigakafin shan-inna, su ɗora da na ƙyanda da tarin shiƙa, su kuma gaya wa jama'a a kan mumbari cewa wanda ya gama maganin tibi aka tabbatar ya warke ba abin gudu ba ne. Ranar 1 ga Yuli ta kowace shekara, wadda tun 2022 aka ware a duniya domin wannan ciwo, dama ce ga gidajen rediyonmu su yi bayani da harshen da manomi zai gane.

Kira na ƙarshe gare mu ne, mu da muke karanta wannan shafi a ofisoshinmu na Birnin Kebbi da Sakkwato da Kaduna da Abuja. Kusan kowanenmu yana da wani a gida da aka saba da tarinsa har an daina ji. Mukan aika da kuɗin magani a ƙarshen wata mu ɗauka mun sauke nauyi. Ni ma haka na yi shekara da shekaru, kuma da na yi tambayar da ta dace tun farko, da kawuna bai sha maganin wata 12 a banza ba. Idan ka koma gida, ka zauna ka tambaya, ka karɓi katin asibiti ka duba, ka raka shi wurin likita ka ce a bincika ko hanyoyin iska ne suka buɗe.

Kawuna bai warke ba, kuma likita bai yi masa alƙawarin warkewa ba. Amma yanzu yakan yi kusan minti 20 bayan sallar asuba yana fitar da kaki yadda aka koya masa, ya maimaita kafin magariba. A bana sau ɗaya ciwon ya kwantar da shi, ya sha maganinsa na kwana 14 ya tashi. Ya koma fadama, ko da yake yara ne ke yin aikin ƙarfi. Ranar da zan dawo muka ci tuwo a kwano ɗaya, ƙaramar jikarsa tana zaune a cinyarsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma ba shugabanninmu ikon duba wannan lamari, amin.